Adaftar Wi-Fi 7 a kafar USB: kafar za ta iya ɗaukar gudun kuwa?

Kabiru84: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana harkar sadarwa da ke zauren nan. Adaftocin Wi-Fi 7 na USB sun fara yawa, kuma za ka ga an rubuta BE6500 ɓaro-ɓaro a jikin kwali, wato megabit 6,500 a daƙiƙa guda. To amma USB 3.0 gigabit 5 ne iyakarta, USB 2.0 kuwa megabit 480 kacal. Ashe ke nan adaftar ta fi ƙarfin kafar da ake soka ta? Ni dai a ganina Wi-Fi ya riga ya tsere wa kafofin kwamfuta, duk wanda ya sayi irin wannan adafta ya biya kuɗin gudun da ba zai taɓa gani ba. Ko akwai abin da ban gane ba?

Injiniya_Garba: Wa alaikumus salam Malam Kabiru. Cewa ba za ka taɓa ganin 6,500 ba, wannan gaskiya ne. Sai dai ba kafar USB ce ta hana ka ba. Lambar da ke kan kwali jimillar zango uku ce aka tara: 688 a zangon 2.4 GHz, 2,882 a zangon 5 GHz, sai wani 2,882 a zangon 6 GHz. Ka tara su za ka sami 6,452, suka cike shi ya zama 6,500. Adaftar kuwa a zango ɗaya take aiki a lokaci guda, don haka lambar da ta shafe ka ita ce 2,882.

Ita ma 2,882 ɗin gudun rediyo ne tsantsa, ba gudun fayil ba. Kafin kowane kunshin bayanai ya tashi sai na'urar ta saurara ta ji ko wani yana magana a tashar, sai ta jira ɗan lokaci, sai ta aika gabatarwa, sannan bayanan, sannan ta jira amsar cewa sun isa. Kuma Wi-Fi ba ya aikawa da karɓa a lokaci ɗaya a tasha guda, bi da bi ne. Abin da yake saura a hannu yawanci kashi 60 zuwa 70 cikin 100 ne, idan kana kusa da rauta kuma babu cunkoso. Ka ga 2,882 ya dawo wajen gigabit 1.8 zuwa 2.

Yanzu ka auna da kafar. USB 3.0 tana tura bit 10 don isar da bit 8 na bayanai, saboda haka gigabit 5 ya koma 4. Ka cire nauyin tsarin USB ɗin kansa, za ka tsaya a wajen 3.2 zuwa 3.5. Gigabit 2 yana wucewa ta nan ba tare da ya goga kafaɗa ba.

Hauwa_Sadarwa: Injiniya ya gama da USB 3.0, amma kada a wanke USB 2.0, domin a nan mafi yawan mutane ke faɗawa. Megabit 480 ɗin nan shi ma a takarda ne. Wayoyi biyu kawai ke ɗaukar bayanai, su ne na zuwa su ne na dawowa, kuma kwamfuta ce ke tambayar na'ura kowane lokaci ko tana da abin aikawa. A aikace ba a cika wuce megabit 280 zuwa 320 ba.

Tsohuwar adaftar N150 ko N300 ba ruwanta, ko rabin wannan ba ta cika cinyewa ba. AC600 mai eriya ɗaya tana haɗawa a 433, ainihin gudunta yana kusa da bakin iyakar, don haka masu ƙera ta suke barin ta a USB 2.0 kuma ba su yi laifi ba. Daga AC1200 ne matsala take farawa. Tana haɗawa a 867, tana iya ba ka 550 zuwa 600, amma in kafar ta 2.0 ce sai ka ga ta tsaya cak a wajen 300 ko ka zauna a gindin rautar. Abin haushin shi ne Windows zai ci gaba da nuna maka 867, domin gudun rediyo yake faɗa, bai san kafar ta shaƙe ba. Akwai ma ƙananan adaftocin da aka rubuta AC1200 ko AC1300 a jikinsu alhali fulogin nasu na USB 2.0 ne. A duba kwalin da kyau.

DanAsabe_PC: Ai wannan mai sauƙi ne. A nemi kafa mai shuɗin harshe a soka, magana ta ƙare.

Mai_Linux: DanAsabe, da haka ne da an huta. Shuɗin launi al'ada ce ta masu ƙerawa, ba dole ba ce, kuma ko kafar ta gaske ce ta 3.0, adafta tana iya shiga ta zauna a 480 ba ka sani ba. Ka ɗauki fulogin USB 3.0 ka haska cikinsa da fitila. Za ka ga faffaɗan ƙarafa huɗu a gaba, irin na USB 2.0 sak, sai can ciki wasu sirara guda biyar. Biyar ɗin nan su ne masu gudun gigabit 5. Idan ka tura fulogin a hankali, huɗun gaba su ke fara taɓawa, kwamfuta ta gaisa da na'urar a matsayin USB 2.0, kafin biyar ɗin su iso an riga an gama yarjejeniya. Maganinsa ka zare ka sake sokawa da sauri har ƙarshe.

Wasu dalilan kuma: kebul ɗin ƙarin tsawo na 2.0 mai wayoyi huɗu kawai, ko mahaɗar USB ta 2.0 a tsakiya, ko kafofin gaban akwatin kwamfutar tebur da aka jona a madabod ta filogi mai fil 9 maimakon mai fil 19. Wannan na ƙarshen yana ruɗar mutane sosai, kafa shuɗiya amma gudunta 480.

Kada ka yi hasashe, ka duba. A Linux ka rubuta lsusb -t, a ƙarshen layin adaftar za ka ga 480M ko 5000M ko 10000M. A Windows akwai manhajar USB Device Tree Viewer, tana nuna ko na'urar tana kan High-Speed ne, wato 480, ko SuperSpeed.

AbuHafsat: Ƙari a kan na Mai_Linux. Wasu adaftocin masu cip ɗin Realtek, irin RTL8812AU da RTL8812BU, da gangan suke tashi a USB 2.0, sai direba ya umarce su su koma 3.0. Idan direban da Windows ya ɗora da kansa ne, ko wani tsohon direba a Linux, mai yiwuwa sauyin ba zai faru ba. A direbobin Linux da ake ɗorawa daga waje akwai zaɓin rtw_switch_usb_mode, a sa shi 1. Alamar sauyin ita ce adaftar ta ɓace na 'yan daƙiƙoƙi ta sake bayyana. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka lalacewa ta yi.

Kabiru84: Madalla, Allah ya ƙara basira. To amma me zai sa kamfani ya ƙera na'urar USB 3.0 sannan ya sa ta tashi a 2.0? Ba ragewa kansa daraja ya yi ba?

Baba_Lantarki: Ɗana Kabiru, akwai dalili, kuma a nan ne ma maganar take da daɗi. Siginar USB 3.0 tana watsa hayaniyar lantarki mai faɗi, kuma wani kaso mai kauri na hayaniyar yana sauka daidai tsakanin 2.4 da 2.5 GHz, inda Wi-Fi na zangon 2.4 GHz da Bluetooth da linzamin kwamfuta mara waya suke zaune. Kamfanin Intel ya fitar da takarda a kan haka tun 2012. Hayaniyar tana fita ne ta bakin fulogi da kebul ɗin da ba a lulluɓe su da ƙarfe sosai ba. To ka ga adaftar Wi-Fi ta USB eriyarta tana nesa da fulogin da 'yan santimita kaɗan. Tana ƙoƙarin jin rauta daga ɗaki na uku, ga ihu a gindin kunnenta.

Shi ya sa idan a 2.4 GHz za ka yi aiki, USB 2.0 ta fi maka alheri, kuma ba ka yi asarar komai ba tunda gudun gaske a wannan zangon da wuya ya wuce abin da 2.0 ke ɗauka. A 5 da 6 GHz ne ake buƙatar 3.0. Wani lokaci kafa mai sauri ita ce ke rage gudun, ba mai jinkiri ba.

Idan dole sai an haɗa su, a sami kebul ɗin ƙari na 3.0 mai lulluɓi mai kyau, mita ɗaya ya isa, a ɗaga adaftar sama ta bar bayan akwatin kwamfuta. Akwatin ƙarfe ne, yana tare sigina. Kada a wuce mita 3 da kebul mara ƙarin wuta, siginar gigabit 5 ba ta jure tsawo.

Nafisa_M: Baba, a ƙara da maganar wuta. Kafar USB 2.0 miliamfa 500 take bayarwa a bolt 5, wato wat 2.5. Ta 3.0 tana ba da 900, wato wat 4.5. Adafta mai ƙarfin watsawa da manyan eriya tana jan wuta sosai lokacin aikawa. Idan wutar ta ishe ta a zaune amma ba ta ishe ta a lokacin aiki ba, alamar ita ce komai lafiya kana karanta shafi, da ka fara tura babban fayil sai ta yanke ta dawo. An fi ganin haka a mahaɗar USB marar nata caja, musamman in an jona faifan ajiya a kanta. Ga kuma zafi. Ƙaramar adaftar nan mai girman farce ba ta da inda za ta zubar da zafi, bayan 'yan mintoci na aiki mai nauyi sai gudu ya sauka. Mutum ya zargi kafa, alhali cip ne ke neman iska.

A Windows kuma a shiga Device Manager, a buɗe adaftar, a cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ta don tanadin wuta, sannan a kashe USB selective suspend a tsarin wutar. Yankewa da yawa daga nan take.

DanAsabe_PC: To ku bar tsohuwar kafa mana. USB-C ta zo, gigabit 40, ta share duk wannan surutun.

Hauwa_Sadarwa: Malam DanAsabe, USB-C siffar rami ce kawai, ba ta faɗin gudu. Akwai kafar USB-C mai 480, akwai mai gigabit 5, 10, 20, 40, har 80 a sabon USB4 da Thunderbolt 5. Ko iPhone 15 na talaka-talaka USB-C gare shi amma a gudun USB 2.0 yake. Kebul ma haka, mafi yawan waɗanda ake sakawa a kwalin caja ba su da wayoyin gudu ko kaɗan.

Sunayen ma sun ƙara dagula lissafi. USB 3.0, da USB 3.1 Gen 1, da USB 3.2 Gen 1, abu ɗaya ne, gigabit 5. Gen 2 shi ne 10, Gen 2x2 shi ne 20. Kuma ka soka adaftar gigabit 5 a kafar 40, a 5 ɗin za ta tsaya. Ɓangaren da ya fi rauni shi ke yanke hukunci.

Gwani_Rauta: Ina so in tsaya wa Kabiru kaɗan, domin an yi masa taron dangi. Adaftocin BE6500 da Injiniya ya fasa lissafinsu a faɗin tasha 160 MHz suke tsayawa. Amma abin da Wi-Fi 7 ke taƙama da shi ai 320 MHz ne a zangon 6 GHz. Kati mai eriya biyu a 320 MHz yana haɗawa a 5,764. Ka ɗauki kashi 65 cikin 100, ka sami wajen gigabit 3.7. Wannan ya haye abin da USB mai gigabit 5 ke iya isarwa. Ke nan akwai inda maganarsa ta tabbata: cikakken Wi-Fi 7 ya fi ƙarfin USB 3.0, sai an hau Gen 2 mai gigabit 10. Gen 2 kuwa bit 132 take turawa don isar da 128, asararta kaɗan ce, sarari ya wadata.

Injiniya_Garba: Na yarda da lissafin Gwani, amma a faɗi sharuɗɗansa. Kafin ka ga 5,764 sai abubuwa sun haɗu: rauta mai 320 MHz, ƙasar da ta buɗe zangon 6 GHz, tsarin aiki da ya san Wi-Fi 7, wanda a Windows sai 11 sigar 24H2, sannan sigina mai tsabta ƙwarai. Tsarin 4096-QAM yana cusa bit 12 a kowace alama, ɗigo 4,096 ne mai karɓa zai bambance a tsakaninsu. Hayaniya kaɗan ta ishe shi ya rikice, sai na'urar ta sauka zuwa 1024 ko 256. A aikace wannan gudun na ɗaki ɗaya ne, 'yan mitoci daga rauta, ba bango a tsakani. Bango ɗaya na siminti a 6 GHz ya isa ya mayar da kai inda USB 3.0 za ta ɗauke ka tana hamma.

Batun ƙasa ma ba ƙarami ba ne. Amurka ta buɗe MHz 1,200 a 2020, wanda ke ba da tashoshi uku na 320 da ba sa hawa kan juna. Tarayyar Turai ƙasan zangon kawai ta buɗe, ƙasa da MHz 500, tasha ɗaya tak ta 320 ke shiga. Kai da maƙwabcinka ku raba.

Gwani_Rauta: Sharuɗɗan gaskiya ne, amma tambayar ita ce ko kafa tana iya bin adafta, ba ko bango yana tare sigina ba. Kuma ga MLO, inda na'ura ke riƙe zango biyu tare. Ranar da adafta za ta haɗa 5 da 6 GHz a lokaci guda, lissafin zango ɗaya ya rushe.

AbuHafsat: MLO iri-iri ne, Gwani. Wanda ke tara gudun zango biyu yana buƙatar rediyo biyu cikakku, kowanne da nasa kayan, da matatar da za ta hana mai aikawa a 5 GHz kurmantar da mai karɓa a 6. Wannan wuta ce da wuri da kuɗi. Mafi yawan katunan kwamfuta rediyo ɗaya gare su, suna sauraron zango biyu ne su yi tsalle zuwa wanda ya fi sarari. Ribarsa raguwar jinkiri da yankewa, ba ninka gudu ba. A cikin wat 4.5 na kafar USB, ban ga yadda za a cusa rediyo biyu masu 320 ba tare da abin ya zama murhu ba.

Ummi_K: Ni tambayata a kan katin ciki ce. Duk wanda ka tambaya sai ya ce PCIe, wato ramin da ake soka kati a madabod, ya fi USB. Saboda gudun ramin ne ko wani abu daban?

Mai_Linux: Hajiya Ummi, ga lambobin ki gani da kanki. Layi ɗaya na PCIe 1.0 yana ɗaukar gigabit 2, na 2.0 gigabit 4, na 3.0 kusan 7.9, na 4.0 kusan 15.8, kowanne a zuwa da kuma dawowa. Katin Wi-Fi layi ɗaya yake amfani da shi. Shahararrun katunan Intel AX200 da AX210 a kan layi ɗaya na PCIe 2.0 suke, wato gigabit 4, daidai da abin da USB 3.0 ke da shi bayan an cire asarar bit 10 da 8. Kin ga ba faɗin rami ne ya bambanta su ba.

Abin da ya bambanta su uku ne. Katin PCIe yana rubuta bayanai kai tsaye cikin ma'adanar kwamfuta, wato RAM, ba sai an nannaɗe su cikin kunshin USB an kwance ba, don haka aikin da ke kan furosesa ya fi sauƙi. Direbobinsa sun fi samun kulawa. Sai eriya, wadda ita ce babba. Tsawon igiyar rediyo a 5 GHz wajen santimita 6 ne, na 2.4 GHz wajen 12.5. Don eriya biyu su ɗauki rafin bayanai biyu mabambanta, ana so a raba su da aƙalla rabin wannan tsawon. A laftof an kai su kusurwoyin allon kallo, a kwamfutar tebur suna waje a kan gindi mai kebul. A ƙaramar adaftar USB kuwa an matse su a wuri ɗaya.

Don duba ramin a Linux: sudo lspci -vv, a nemi katin, a karanta LnkCap da LnkSta. Na farko abin da katin zai iya, na biyu abin da aka daidaita a kai. 2.5GT/s shi ne 1.0, 5GT/s shi ne 2.0, 8GT/s shi ne 3.0.

Nafisa_M: A kula da tsofaffin madabod a nan. Ƙananan ramukan x1 ba daga furosesa suke zuwa ba, daga cipset suke, wato cip ɗin madabod da ke kula da kafofi da ramuka. A AMD B450 layukan cipset na 2.0 ne, haka Intel H110 da H310. Ga katin Wi-Fi 6 mai haɗawa a 2,402 babu damuwa. Ga katin Wi-Fi 7 mai 320 MHz, gigabit 4 ɗin nan in an cire nauyin kunshin PCIe ya sauko ƙasa da 3.5, an dawo matsalar da Gwani ya faɗa, a cikin akwati wannan karon. Komawa PCIe kaɗai bai wadatar ba, sai an san wane PCIe.

Baba_Lantarki: Masu laftof kuma, ramin M.2 na Wi-Fi shi ne mai tsaga E, katin kuma girman 2230, wato milimita 22 a faɗi 30 a tsawo. Abu uku ke kayar da mutane. Na ɗaya, CNVi. Katunan Intel masu ƙarewa da 1, irin AX201 da AX211, rabin kati ne, sauran rabin yana cikin cipset ɗin Intel, ba za su tashi a kwamfutar AMD ko tsohuwar Intel ba ko da sun shiga ramin daram. AX200 da AX210 su ne cikakku masu bin PCIe. Na biyu, wasu tsofaffin laftof suna da jerin katunan da BIOS ya yarda da su, ka saka baƙo ya ƙi tashi. Na uku, kan wayar eriya. Katin M.2 yana amfani da MHF4, tsohon mini PCIe kuma U.FL, wanda ya ɗan fi girma. Ido ba ya saurin bambancewa. Ana ɗora kan a saitin ƙaramin zoben zinaren da ke kan kati, a danna shi a miƙe da farce ko bakin roba har a ji ɗan ƙas. Wanda ya danna a karkace ko ya tilasta wanda ba nasa ba, zoben zai ɓalle daga katin, kuma ba a cika iya mayar da shi ba. A cire batir kafin a fara.

Kuma ko a katin PCIe, Bluetooth ta USB 2.0 yake bi. Shi ya sa katin kwamfutar tebur ke zuwa da siririn kebul da ake jonawa a fil 9 na madabod. Wanda ya manta da shi Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth shiru.

Sule_Waya: Kuna ta faɗa a kan kafar kwamfuta, ba wanda ya leƙa bayan rauta. Ai a can gizo yake saƙa. Rautoci da yawa da aka rubuta AX3000 ko fiye a jikinsu, kafofin kebul ɗinsu na gigabit 1 ne, wanda a aikace megabit 940 ne. Adaftarka ta haɗa a 2,402 ko 5,764, duk abin da zai fito daga intanet ko daga ma'ajiyar da ke kan kebul ta wannan ƙofar zai bi. Sai rauta mai kafar 2.5, wadda ke ba da wajen 2.35, ko mai 10. Alhamdu lillahi 2.5 tana tafiya a kan kebul ɗin Cat5e har mita 100, ba sai an sake jan waya ba. Gigabit 10 ne ke son Cat6a in tsawon ya kai haka.

Kuma gigabit yana buƙatar wayoyi takwas ɗin nan duka. Ɗaya ta tsinke ko ba ta matsu a kan fulogi ba, sai haɗin ya sauka zuwa 100 ba sallama. Duk wanda ya ga gwajinsa ya tsaya a 94 ko 95, ya bar zargin Wi-Fi, ya canza kebul.

Kabiru84: To yanzu kafar USB, ramin PCIe, kafar rauta, bango, direba. Ta yaya mutum zai gane wanne ne ya riƙe shi, ba tare da ya sayi komai ba tukuna?

Hauwa_Sadarwa: Kada ka gwada da shafin auna gudun intanet, wannan layin kamfanin da kake biya yake aunawa. Ka sami kwamfuta ta biyu ka jona ta da kebul a kafar rauta mafi sauri. Ka ɗora iperf3, manhajar auna gudu tsakanin na'urori biyu, a duka biyun. A mai kebul ka rubuta iperf3 -s, ka tabbata katangar tsaro ta bar tashar 5201. A mai Wi-Fi ka rubuta iperf3 -c sai adireshin waccan, sai -P 4 -t 30. Ka sake da -R a ƙarshe don auna saukowa. Ka fara a mita biyu daga rauta. Kafin nan ka duba gudun haɗi, a Windows netsh wlan show interfaces, a Linux iw dev wlan0 link, ko duk sunan da katin yake da shi.

Karatun sakamakon shi ne aikin. Idan gudun haɗi yana sama amma sakamako ya daskare a lamba ɗaya ba ya motsi, kafa ce. Wajen 300, USB 2.0. Wajen 940, kafar gigabit, ta rauta ko ta kwamfuta ta biyun. Wajen 2,350, kafar 2.5. Iyakar kafa a miƙe take kamar an ja layi. Iyakar iska kuwa hawa da sauka take yi, tana canzawa in ka matsa ko ka juya eriya. Idan ya fara da kyau ya riƙa zamewa bayan mintoci, zafi ne, ka tsawaita gwajin zuwa -t 600 ka taɓa jikin adaftar.

Ummi_K: Kwafar fayil ba za ta wadatar a matsayin gwaji ba?

Injiniya_Garba: Tana shigo da faifai cikin lissafi. Faifai mai juyawa yana ba da megabayit 150 zuwa 250 a daƙiƙa, ki ninka da 8, gigabit 1.2 zuwa 2 ke nan, kuma a manyan fayiloli ne. SSD na SATA yana tsayawa a wajen megabayit 550, wato gigabit 4.4. Idan kuma faifan na waje ne yana kan mahaɗa ɗaya da adaftar, gigabit 5 ɗin tare suke rabawa. Shi iperf3 daga ma'adana zuwa ma'adana yake aikawa, faifai ba ya ciki.

Mai_Linux: Misalin rabon nan ƙarara yana kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. A 3B+ kafar kebul ta gigabit ce amma ta USB 2.0 aka bi da ita, shi ya sa take tsayawa a wajen 300. A Pi 4 kafofin USB 3.0 guda biyu suna bayan layi ɗaya na PCIe 2.0, gigabit 4 ne nasu su biyun. Abin da aka rubuta a bakin kafa daban, abin da ke bayanta daban.

Gwani_Rauta: Wanda ke nufin har yanzu ban sauka daga matsayina ba. Ma'aunin USB da PCIe a takarda sun yi wa Wi-Fi nisa, ba musu. Amma kafar da ke jikin kwamfutocin da mutane ke riƙe da su yau, gigabit 5 da PCIe 2.0 da gigabit 1 a rauta, Wi-Fi 7 ya kamo su.

AbuHafsat: Ya kamo su a ɗaki ɗaya, da rauta mai kafar 10, da wata na'ura a ɗaya gefen da za ta iya ciyar da shi. Mutum nawa ke da wannan? Kuma Wi-Fi 8 da ake aiki a kansa, 802.11bn, ƙarfinsa a kan ɗorewar haɗi aka sa, ba a kan ƙara faɗin tasha ba. Kafar gigabit 10 tana da sauran shekaru.

DanAsabe_PC: Mai B450 fa da ya riga ya sayi katin 320, ya jefar da madabod ke nan?

Nafisa_M: A'a. Katin x1 yana shiga dogon ramin x16 ya yi aiki lafiya. Amma a buɗe littafin madabod a ga daga ina layukan ramin suke. A yawancin allunan B450 dogon rami na biyu shi ma daga cipset yake, 2.0 ne, babu riba. Wanda ke zuwa daga furosesa shi ne na sama da katin hoto ke zaune, sai ramin M.2 na farko mai tsaga M. Idan furosesan yana da nasa hoton kuma ramin sama a sake yake, a sa katin a can. In ba haka ba akwai ƙaramin allon da ke mayar da tsaga M zuwa E, sai dai an sadaukar da wurin SSD, kuma Bluetooth zai buƙaci nasa kebul zuwa fil 9 tunda tsaga M ba ta da layin USB. Kafin duk wannan a tabbata katin ma yana tashi a kan AMD, domin Intel BE200 an sha kuka da shi a can, masu AMD sun fi komawa na MediaTek ko Qualcomm.